Gulutamet da Ƙaramar Ƙwaƙwalwa: Yadda Jiki ke Daidaita Motsi, da Abin da ke Lalata Shi

Ƙaramar ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira serebelum, tana can ƙasa a bayan kai, daidai ƙeya. Nauyinta bai wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙwaƙwalwa ba, amma a cikinta ne mafi yawan ƙwayoyin jijiya suke. Ƙididdigar da Suzana Herculano-Houzel da abokan aikinta suka wallafa a 2009 ta nuna cewa cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke ƙwaƙwalwar ɗan Adam, kimanin biliyan 69 suna cikin wannan ɗan sashe. Ba ita ke ba da umarnin a motsa hannu ko ƙafa ba. Aikinta gyara ne: ta auna ƙarfin motsin, da lokacinsa, da inda zai tsaya. Masunci da ke tsaye a bakin kwale-kwale a tafkin Kainji, igiyar ruwa na kaɗa shi yana jefa birgi bai faɗa ba, ƙaramar ƙwaƙwalwarsa ce ke riƙe da shi.

Duk saƙon da ke shiga wannan sashe daga sauran jiki, kusan gaba ɗaya sinadari guda ne ke ɗauke da shi, wato gulutamet. Wannan maƙala ta yi bayanin makarɓan da ke amsar wannan sinadari, da yadda suke sarrafa ƙwayoyin jijiyar wurin, da dalilin da ya sa nutsewa a ruwa, da zaiba, da dalma, da giya suke barin mutum yana tangaɗi.

Tsarin wurin a taƙaice

Ƙwayoyin jijiya ba sa manne da juna. Tsakanin ɗaya da ɗaya akwai ɗan gibi da ido ba ya gani, wanda ake kira mahaɗa. Idan wutar saƙo ta iso ƙarshen ƙwaya ta farko, sai ta fesa sinadari cikin gibin, sinadarin ya tsallaka ya zauna a kan makarɓinsa da ke jikin ƙwaya ta biyu. Gulutamet shi ne babban mai zuga ƙwayoyin jijiya su yi aiki. Kishiyarsa, mai kwantar da su, shi ne GABA.

Ƙwayoyi iri biyu ne suka fi muhimmanci a nan. Na farko ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da tsaba, waɗanda ake kira giranul, su ne suka cika adadin biliyoyin nan. Suna karɓar labari daga laka, da kunnen ciki, da babbar ƙwaƙwalwa, sannan kowace ta miƙa zarenta sama ya rabu biyu ya bi a miƙe. Zaruruwan suna tafiya gefe da gefe, shi ya sa ake kiran su zaruruwa masu jere. Na biyu su ne ƙwayoyin Furkinje, waɗanda masanin ƙasar Cek, Jan Purkyně, ya bayyana a 1837. Manya ne, rassansu a baje suke kamar mafici, zaruruwa masu jere suna ratsa su. Ƙwayar Furkinje guda tana haɗuwa da zaruruwan nan fiye da 100,000. Ban da su, akwai wani zare guda tak da ke tasowa daga tushen ƙwaƙwalwa ya nannaɗe rassanta kamar yadda kauci ke hawa bishiya, ana kiran sa zare mai hawa. Duka hanyoyin biyu gulutamet suke fesawa.

Ita kuwa ƙwayar Furkinje GABA take fitarwa, kuma ita kaɗai ce ke fitar da saƙo daga ɓawon ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ke nan gulutamet yana zuga ƙwayar da aikinta taka birki ne. Wannan ne ya sa idan ƙwayoyin Furkinje suka mutu mutum ba ya shanyewa. Ƙarfinsa na nan, ma'auni ne ya ɓace: ya miƙa hannu zai ɗauki kofi sai ya wuce shi.

Makarɓan da yadda kowane ke aiki

Makarɓan gulutamet gida biyu ne. Akwai waɗanda su da kansu ƙofa ce: sinadarin na zama a kansu sai su buɗe, gishirin jiki mai ɗauke da caji ya kwarara ciki. Akwai kuma waɗanda ba ƙofa ba ne, sai dai su aika saƙo cikin ƙwayar ta hannun wasu sinadarai.

A gidan farko, makarɓin AMPA ne mai sauri. Yana buɗewa ya rufe cikin 'yan ɓangarori na kashi dubu na daƙiƙa, sodiyam ya shiga, cajin ƙwayar ya ɗaga. Ƙwayar Furkinje ko ba a taɓa ta ba tana harba wuta da kanta, wajen sau 50 a daƙiƙa, kuma saƙon zaruruwa masu jere ta hanyar AMPA ne ke ƙara ko rage wannan gudu gwargwadon abin da jiki ke yi. Zare mai hawa kuwa ba ya yawan magana, kamar sau ɗaya ne a daƙiƙa, amma idan ya yi, yana fesa gulutamet a ɗaruruwan wurare a lokaci guda, duk rassan ƙwayar su cika da kalsiyam.

Makarɓin NMDA ya fi tsauri. Ko gulutamet ya zauna a kansa ba zai buɗe ba sai an samu sinadari na biyu, gilaisin ko D-serin, sannan kuma sai cajin ƙwayar ya riga ya ɗaga, domin akwai magniziyam da ke toshe bakinsa kamar marfin kwalba. A 1984 ne ƙungiyoyi biyu na masu bincike, ɗaya a Faransa ɗaya a Amurka, suka gano wannan toshi. Idan ya buɗe, kalsiyam yake shigarwa, kuma ya fi AMPA daɗewa a buɗe. A ƙaramar ƙwaƙwalwa an fi samun sa a jikin ƙwayoyin giranul. Ƙwayoyin Furkinje na baligi kaɗan suke da shi. Allurar ketamin da ake sa wa majinyaci barci da ita a ɗakunan tiyata na asibitocinmu wannan makarɓi take toshewa. Akwai na uku, makarɓin kainet, amma rawarsa a nan ba ta kai ta waɗannan biyun ba.

A gida na biyu, wanda ya shafe mu shi ne mGluR1, kuma ƙwayoyin Furkinje na cikin wuraren da ya fi yawa a duk ƙwaƙwalwa. Ba a tsakiyar mahaɗa yake zama ba, a gefenta yake, don haka ba ya jin fesa ɗaya. Sai zaruruwa masu jere sun yi ta harbi a jere har gulutamet ya malalo gefe sannan ya farka, ya sa ƙwayar ta saki kalsiyam da ta adana a ciki. Amsarsa na ɗaukar wajen rabin daƙiƙa ko fiye, wanda a lissafin jijiya lokaci ne mai tsawo. A 1994 aka samar da ɓerayen da aka cire wa wannan makarɓi tun daga halitta. Sun rayu, amma suna tafiya suna tangaɗi suna karkarwa.

Akwai kuma wani baƙon ɗan gida mai suna GluD2. Siffarsa ta makarɓin gulutamet ce, amma gulutamet ba ya buɗe shi. Aikinsa riƙe mahaɗar da ke tsakanin zare mai jere da ƙwayar Furkinje ne kada ta ɓalle. Yaran da aka haifa da lalacewar ƙwayar gadon da ke yin sa suna tasowa da tangaɗi da rawar ido.

Yadda jiki ke koyon motsi

David Marr a 1969 da James Albus a 1971 sun kawo hasashen cewa zare mai hawa malami ne: yana harbi ne idan motsi ya kauce daga abin da aka nufa. Masao Ito na Japan ya samo shaidar hakan a ɗakin gwaji a 1982. Idan zare mai jere da zare mai hawa suka yi harbi a lokaci guda, sau da yawa, sai kalsiyam daga hanyoyin biyu ya haɗu da saƙon mGluR1, ƙwayar Furkinje ta janye wasu makarɓan AMPA daga wannan mahaɗa ta shigar da su ciki. Daga nan muryar wannan zare ta rage ƙarfi. Mahaɗar da ta taimaka wajen kuskure an rage mata daraja ke nan. Yaron Yauri da ke koyon tuƙi da filafili, yau jirgin ya juya masa gobe ya miƙe, irin wannan gyara ne ke gudana a ƙeyarsa sau dubbai bai sani ba.

Littattafan karatu da yawa suna tsayawa a nan kamar an gama magana. A 2011 wasu masu bincike a Holan sun toshe wannan janyewar ta AMPA a ɓeraye, amma ɓerayen suka ci gaba da koyon motsi. Abin da ya fi dacewa a ce shi ne, raunana mahaɗa hanya ɗaya ce cikin hanyoyi da dama, akwai kuma ƙarfafa ta, akwai sauye-sauye a wasu ƙwayoyin.

Ga jariri lamarin ya fi haka nauyi. Ƙwayoyin giranul suna ci gaba da haihuwa da yin ƙaura zuwa mazauninsu har bayan an haifi yaro, zuwa wajen shekara guda, kuma makarɓin NMDA na cikin masu jagorantar wannan ƙaura. Haka nan ƙwayar Furkinje da farko zaruruwa masu hawa da yawa ne ke kama ta, sai a hankali a yaye sauran a bar guda, aikin da ke buƙatar mGluR1. Gubar da za ta ba babba ciwon kai kawai tana iya ɓata ginin da ake tsakiyar yi a kan ɗan tayi ko mai shan nono.

Idan ba a kwashe shi ba

Gulutamet da ya gama isar da saƙo dole a kwashe shi nan take. Kwale-kwale kullum ruwa na shiga cikinsa, abin da ke hana shi nutsewa shi ne mai kwarfewa. A ƙaramar ƙwaƙwalwa masu kwarfewar su ne ƙwayoyin tallafi da ake kira Bagman, masu famfo mai suna EAAT1, da kuma famfon EAAT4 da ke jikin ƙwayar Furkinje kanta. Famfunan nan suna cin makamashi sosai. Idan suka tsaya, gulutamet ya taru, makarɓai su zauna a buɗe, kalsiyam ya yi ta kwarara har ya kunna sinadaran da ke narkar da ƙwayar daga ciki. John Olney na Amurka ya bayyana wannan irin mutuwa a 1969, ya kuma ba ta sunan da ke nufin guba ta hanyar zuga fiye da kima. Ƙwayar Furkinje da ta mutu ba a haifar wata a madadinta.

A nan mutane kan tambaya game da magi da farin magi, tunda gulutamet ne ke ba su ɗanɗano, kamar yadda yake ba daddawa da tumatir. Wanda aka ci a miya hanji ne ke ƙone mafi yawansa, ɗan abin da ya shiga jini kuma akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke tare shi. Ƙwaƙwalwa da kanta take yin nata. Matsalar dunƙulen magi ita ce gishirin da ke cikinsa ga mai hawan jini.

Nutsewa a ruwa

A ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a kogin Neja kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, kuma 'yan kaɗan ne suka tsira. Bayan irin wannan hatsari ana ƙirga gawawwaki, amma ba a cika bibiyar waɗanda aka tsamo da rai ba. Minti kaɗan bayan numfashi ya tsaya makamashin ƙwaƙwalwa ke ƙarewa, famfunan kwashe gulutamet su tsaya, wasu ma su juya suna fitar da shi. Ƙwayoyin Furkinje na sahun gaba wajen mutuwa a wannan hali. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa a layi-layi suke mutuwa, kuma waɗanda ke da ƙarancin famfon EAAT4 ne suka fi tafiya. Wanda ya farfaɗo yana iya tashi da tangaɗi, ko da fizgar gaɓoɓi duk lokacin da ya yi niyyar motsi, yanayin da Lance da Adams suka bayyana a 1963.

Wata bita da aka wallafa a mujallar likitoci ta New England a 2012 ta kawo cewa wanda ya yi minti 5 ko ƙasa a cikin ruwa, haɗarin mutuwa ko mummunar lalacewar ƙwaƙwalwa kashi 10 ne cikin 100. Daga minti 6 zuwa 10 ya haura kashi 56. Daga 11 zuwa 25 kuwa kashi 88. Don haka abin da aka yi a bakin ruwa ya fi abin da za mu yi a asibiti tasiri. Idan an tsamo mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki, sannan a shiga danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana bin sa da huri 2. Juya shi kai ƙasa ko taka masa ciki don ruwa ya fito ɓata lokaci ne, kuma yana jawo amai ya koma huhu.

Zaiba da dalma

Ƙasar Yauri, Ngaski da Shanga ƙasar zinare ce tun da daɗewa, kuma a 2020 Kebbi na cikin jihohin da gwamnatin tarayya ta fara shirinta na tsara aikin masu haƙar gargajiya. A irin wannan aiki a faɗin Afirka ta Yamma ana kama zinare ne da zaiba, wadda 'yan haƙa suka fi sani da makuri, sannan a ƙona dunƙulen zaibar ta tashi ta bar zinaren. Hanya biyu take cutarwa. Tururinta mai ƙonawa da iyalinsa suke shaƙa, ya kawo karkarwar hannu, kumburin dasashi, rashin barci, saurin fushi da gudun mutane. Wadda ta zube a ƙasa kuwa ruwan sama ya wanke ta zuwa rafi, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin laka su mayar da ita wani nau'i mai suna metilmakuri, wanda ke taruwa a naman kifi. Ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye shi, don haka manyan mafarauta masu tsawon rai irin giwan ruwa da tsage su ne suka fi tara ta a duk ruwan da ta gurɓata, karfasa kuwa ba ta kai su ba. Dafuwa, suya ko banda ba sa fitar da ita.

Metilmakuri yana shiga ƙwaƙwalwa ne ta ƙofar da abinci mai gina jiki ke bi, yana kuma tsallaka mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. A ciki yana raunana famfunan ƙwayoyin tallafi, gulutamet ya taru, makarɓan NMDA su buɗe fiye da kima. Ƙwayoyin giranul, ƙanana masu yawan NMDA, su ne ke ƙarewa, ƙwayoyin Furkinje kuwa sau da yawa a same su tsaye, akasin abin da ake gani bayan nutsewa. An ga haka a gawawwakin mutanen Minamata, garin masunta a Japan inda aka sanar da cutar a hukumance a 1956, bayan wani kamfanin sinadarai ya daɗe yana zuba dagwalonsa a teku. A Iraki, a 1971 zuwa 1972, mutane suka yi burodi da irin alkamar da aka feshe da wannan guba. An kwantar da 6,530 a asibiti, 459 suka mutu a can. Alamomin sukan ɗauki makonni ko watanni kafin su fito: dindiris a leɓe da yatsu, tangaɗi, nauyin harshe, raguwar ji, da ƙanƙancewar gani kamar mai leƙe ta cikin bututu. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018.

Ba muna cewa a daina cin kifi ba ne. A bakin tafkin da aka datse tun 1968 kifi shi ne naman talaka, kuma mai ciki na buƙatarsa. Abin da ya kamata a hana shi ne wanke zinare da zaiba a bakin rafin da ke gangarawa tafki, da ƙona ta a cikin gida ko a murhun girki. Akwai 'yar na'ura mai sauƙi ta ƙarfe da ke kama tururin ta mayar da shi ruwa, maƙerin gari ma na iya ƙera ta.

Dalma kuwa akasin haka take yi wa NMDA: toshe shi take yi, ta kuma yi shigar burtu a matsayin kalsiyam. A 2010 yara akalla 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda niƙa dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, a 2015 kuma aka rasa yara 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyarmu. Idan ta yi yawa a jinin yaro ƙwaƙwalwa na kumbura, ƙaramar ƙwaƙwalwa na cikin inda ya fi shafa, sai amai, tangaɗi da jijjiga. Babu wani adadin dalma a jini da ake ɗauka mara illa. Idan ya kai maikirogiram 45 a desilita ana ba yaro maganin da ke fitar da ita ta fitsari.

Sauran dalilai

Giya tana danne NMDA tana ƙarfafa GABA, shi ya sa mashayi ke layi. Shekaru ana sha, tare da ƙarancin bitamin B1, tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwa na motsewa, ƙafafu su lalace hannuwa na nan lafiya. Maganin farfaɗiya fenitoyin, idan ya wuce kima a jini, yana kawo tangaɗi da rawar ido. Wani lokaci kuma garkuwar jiki ce ke kai wa makarɓin hari: a 2000 aka bayyana mata biyu da suka taɓa yin sankarar Hojkin, jininsu ɗauke da garkuwar da ke toshe mGluR1, kuma da aka yi wa ɓeraye allurarta su ma suka shiga tangaɗi. Irin wannan ba kasafai ake gani ba, amma yana iya sauƙi idan an kwantar da garkuwar da wuri.

Ganewa da abin yi

Mai ciwon ƙaramar ƙwaƙwalwa yana tafiya ƙafafu a ware, ba ya iya jera diddige da yatsa a layi ɗaya. Idan an ce ya taɓa hancinsa sannan ya taɓa yatsan likita, hannun na ƙara rawa yayin da yake kusantar wurin. Maganarsa na fita a yanke a yanke, idanunsa na fizga idan ya kalli gefe. Mutane kan ce buguwa ce ko iska, a yi watanni ana hayaƙi da rubutu, alhali idan guba ce tana ci gaba da shiga.

Idan tangaɗin ya zo farat ɗaya tare da ciwon ƙeya, jiri da amai, musamman ga mai hawan jini, a ɗauke shi a matsayin toshewar jijiyar jini ko fashewarta. Wurin matsattse ne, kumburi kaɗan na iya danne cibiyar numfashi, don haka a tafi asibiti a wannan sa'a. Wanda ya zo a hankali kuwa, a faɗa wa likita sana'ar mai gida, ko ana niƙa dutse ko ƙona makuri a gidan, da irin magungunan da ake sha, da ko wani a dangi ko a unguwa na da irin ciwon. Zaibar tururi a fitsari ake auna ta, ta kifi a jini ko gashi, dalma a jini. Daga Babban Asibitin Yauri akan tura majinyaci Birnin Kebbi ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato don hoton ƙwaƙwalwa da ganin likitan jijiyoyi.

Magungunan da ke toshe makarɓan gulutamet sun kare ƙwayoyin jijiya a dabbobin gwaji, amma da aka gwada su a kan masu shanyewar ɓarin jiki a shekarun 1990 ba su yi nasara ba, wasu ma illarsu ta fi amfaninsu, domin ƙwaƙwalwa ba ta iya aiki in an rufe mata waɗannan ƙofofi. Abin da ke hannu a yau shi ne raba majinyaci da gubar, ba shi bitamin B1 ko maganin fitar da ƙarfe inda ya dace, da kuma atisayen tsayuwa da tafiya kullum a ƙarƙashin kulawar likitan gashi da motsa jiki. Atisayen yana taimakawa, sai dai ribarsa na zubewa idan an bar shi na 'yan watanni.